Maigadin da ke mutuwa a tsaye: me ya sa ake sauya na'urar gargaɗin iskar guba?

 Hunturu ya kankama. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, da zarar dare ya yi sai kowa ya ja ƙofa, a toshe tagogi da tsumma ko kwali, a shigar da kaskon wuta ɗaki. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu tattauna a kan wata iska da ke kashe mutane suna barci, da wata 'yar na'ura da aka ƙera domin ta tashe su kafin iskar ta gama da su. Za mu kuma ga dalilin da ya sa ita kanta na'urar take da wa'adi, wanda idan ya cika dole a cire ta a sa sabuwa, ko da kuwa tana nan fes kamar ranar da aka saye ta.

Ɗaki a bayan mota

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da iyalai ke tafiya hutu da ita. Bayanta ɗaki ne sosai: da gado, da murhun gas, da firji, da abin ɗumama ɗaki, wasu har da ƙaramin janareta. Inda dare ya yi musu, nan za su tsaya su kwana. Mu kira ta mota mai ɗaki. Ɗakin nata ƙarami ne, a rufe yake ruf, ga abubuwa masu cin mai da gas a cikinsa, ga kuma salansar motar a ƙarƙashinsa. Saboda haka masu ƙera irin waɗannan motoci suke liƙa wata na'ura a bango, ba ta fi tafin hannu ba, wadda aikinta shi ne ta kwarma ihu idan iskar guba ta fara taruwa. Masu motocin da suka san abin da suke yi sukan ciro na'urar su duba kwanan watan da ke bayanta kafin su kama hanya. Idan shekarunta sun cika, sai su jefar su sa wata.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai ba mu da irin wannan mota. Gaskiya ne, amma muna da irin wannan ɗaki. Direban babbar mota da yaronsa da dare ya riske su a kan hanyar Gusau zuwa Gummi, suka ɗaga gilasai suka bar inji yana aiki don sanyi, suna cikin irin wannan ɗaki. Mai shagon kwantena da ke kwana a shagonsa, janareta na gefe, yana cikinsa. Haka mai cajin waya, da mai gidan kallon ƙwallo, da masu haƙar zinare da ke kwana a bukkar tamfol da leda, da maijego da aka cika wa ɗaki da garwashi, da ɗaliban makarantar kwana da suka ɓoye kasko a ƙarƙashin gado. Bambancinmu da masu waccan mota shi ne su suna da maigadi a bango, mu galibinmu ba mu da shi.

Wace iska ce wannan?

Sunanta kabon monoksaid. 'Yan ajin kimiyya sun san ta da alamar CO, wato ƙwayar kabon ɗaya haɗe da ƙwayar oksijin ɗaya. Duk abin da muke ƙonawa, gawayi ne, itace ne, fetur, dizal, kananzir ko gas, yana ɗauke da kabon. Idan wuta ta sami isasshen oksijin, kabon ɗin yakan ƙone gaba ɗaya ya zama kabon dayoksaid, CO₂, irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Idan kuwa oksijin ya yi ƙaranci, kamar a rufaffen ɗaki ko a cikin injin da bai da lafiya, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, a sami CO. A littafinku na kimiyyar sinadarai za ku ga an rubuta haka: 2C + O₂ → 2CO.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Hayaƙin ɗanyen itace yana da mutunci idan aka gwada shi da ita, domin shi yakan shiga ido ya kore ka waje. Garwashin da ya yi ja, ya daina hayaƙi, wanda iyayenmu mata ke cewa “ya nuna, a shigar da shi”, yana nan yana fitar da CO cikin natsuwa har sai ya zama toka.

Akwai masu cewa iskar tana da nauyi, don haka wanda ke kan gado ya tsira, wasu kuma su ce sama take tashi, don haka na kan tabarma ya tsira. Ku lissafa da kanku. Nauyin ƙwayar kabon 12 ne, na oksijin 16, jimla 28. Matsakaicin nauyin iskar da muke shaƙa kimanin 29 ne. Kun ga kusan ɗaya suke. Saboda haka CO gauraya take yi da iskar ɗaki ta bazu ko'ina, na gado da na tabarma duk ta same su.

Abin da take yi wa jini

A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari mai suna himogulobin. Shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Matsalar ita ce wannan ɗan dako ya fi son CO a kan oksijin fiye da sau 200. Da zarar CO ta hau, ba ta sauka da wuri, kuma oksijin ya rasa wurin zama. Mutum yana numfashi, huhunsa cike da iska, amma ƙwaƙwalwarsa tana shaƙewa. Wani likitan Faransa, Claude Bernard, ya yi bayanin wannan tun a shekarar 1857.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Wanene a cikinmu zai ji waɗannan bai ce zazzaɓin cizon sauro ba ne? Sai mutum ya sha farasitamol, ya ƙara jan bargo, ya kwanta a cikin ɗakin da ke kashe shi. Ga abubuwa uku da za su bambanta muku: gubar CO ba ta zuwa da zafin jiki, tana kama mutane da yawa a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan aka fita waje sai a ji sauƙi, idan aka koma ciki ciwon ya dawo. Wanda ke barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Daga barci sai suma, daga suma sai mutuwa. Jarirai, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da masu sikila ko ƙarancin jini, su ta fi saurin kayarwa.

Ana auna wannan iska da “kashi cikin miliyan”. Idan ta kai kashi 200 cikin miliyan, ciwon kai yakan fara cikin awa biyu zuwa uku. A kashi 400, rai yana cikin haɗari bayan awa uku. A kashi 800, jiri da amai da jijjiga sukan zo cikin minti 45, mutum ya suma cikin awa biyu. Idan ta kai kashi 12,800, wanda bai wuce kashi 1.28 cikin ɗari ba, mintuna uku sun isa.

Bari mu yi wani ɗan lissafi tare. Ɗaki mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska lita 27,000. Kashi 400 cikin miliyan na wannan shi ne lita 10.8, ko rabin jarka mai lita 25 bai kai ba. Kabon ɗin da ake bukata don samar da lita 10.8 na CO kuwa giram 5 zuwa 6 ne kacal, wato gutsuren gawayi ɗaya. Ba duk gawayin kasko ne ke zama CO ba, kuma ɗakunanmu suna da 'yan kafofin da iska ke shiga. To amma kasko ɗaya yana cin ɗaruruwan giram, kuma waɗannan kafofin su ne muke bi muna toshewa da tsumma idan sanyi ya matsa.

Mun san gubar da ba a gani

Mu mutanen yammacin Zamfara ba baƙi ba ne ga gubar da ido ba ya gani. A shekarar 2010, lokacin da da yawanku kuke goye ko ba a ma haife ku ba, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani ba sauƙi. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta aika jini aka gwada, aka kuma zo da na'urori aka auna ƙasar tsakar gidaje, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake dakawa a cikin gida. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar da ta kashe su ba ta bambanta da kowace ƙura a ido ba.

Dalma da CO ba ɗaya ba ne. Dalma takan taru a jiki cikin makonni da watanni, CO kuwa dare ɗaya ya ishe ta. Amma sun yi tarayya a abubuwa biyu: dukansu suna shigowa cikin gida ta hanyar abin da muke neman abinci ko jin daɗi da shi, kuma dukansu suna sa rigar wata cuta da muka saba da ita. Idan aka wayi gari aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya sun mutu babu rauni, sau da yawa sai a ce an sa musu guba a abinci, ko a ce iska ne. A kan haka ana iya zargin kishiya ko maƙwabci da abin da ba su ji ba ba su gani ba, alhali mai laifin yana nan a zaure, tankinsa ya ƙone ƙarƙaf, makunninsa a kunne.

Kada ku ɗauka abin na ƙauye ne ko na marasa ilimi. A watan Mayun 2024 an tarar da gawarwakin matasa bakwai, akasarinsu ɗaliban jami'a, a wani ɗakin naɗar waƙoƙi a Yenagoa ta Jihar Bayelsa. Sun yi aikin dare, sun bar janareta yana aiki a cikin ginin, barci ya kwashe su. A Amurka ma, inda na'urorin gargaɗi suka wadata, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce mutum fiye da 400 ke mutuwa duk shekara sakamakon shaƙar wannan iska bisa kuskure.

Daga kanari zuwa na'ura

Tunda hanci ba ya jin ta, dole a nemi wani ya ji mana. A shekarar 1896 wani abu ya fashe a ramin haƙar kwal na Tylorstown a yankin Wales na Birtaniya. Wani masani ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, ya binciki gawarwakin ya gano cewa akasarin mutanen ba fashewar ce ta kashe su ba, CO ce da ta biyo baya. Sai ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙaramar dabba, ɓera ko tsuntsu, domin su iskar ta fi saurin kayarwa. Daga nan masu haƙar kwal suka riƙa shiga da kanari a keji. Idan tsuntsun ya daina kuka ya faɗo daga kan sandarsa, kowa ya ranta a na kare. Sai a 1986 aka sallami kanari daga ramukan Birtaniya, na'urar lantarki ta gaje shi.

A cikin yawancin na'urorin yau akwai wani ɗan ƙoƙo da bai fi murfin kwalba ba. A cikinsa akwai ɗan ruwan sinadari mai tsami da wasu siraran faifai da aka shafa wa ƙarfen filatinam. Idan CO ta ratsa ta wata 'yar kafa ta taɓa faifan, sai ta juye ta zama CO₂, kuma wannan juyewar takan haifar da 'yar wutar lantarki. Yawan iskar, yawan wutar. Wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke auna wutar tana kuma ƙirga lokaci. Bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291, idan iskar ta kai kashi 50 cikin miliyan na'urar za ta yi ƙara tsakanin minti 60 da 90. A kashi 100, tsakanin minti 10 da 40. A kashi 300 kuwa, kafin minti 3. Manufar ita ce ta tashe ka tun kana da ƙarfin tashi.

Yadda maigadin ke tsufa

Ga inda gizo ke saƙar. Wancan ruwan sinadari yana bushewa a hankali, faifan kuma suna dusashewa, ko na'urar ta taɓa jin CO ko ba ta taɓa ji ba. Shi ya sa kamfanoni ke ba ta wa'adin shekara 5 zuwa 7, wasu sababbi har 10. Zafi da bushewar iska da ƙura suna gaggauta tsufanta. Yawancinsu an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa mun san yadda ɗaki mai rufin kwano ko cikin motar da aka ajiye a rana yake a watan Afrilu. Ƙurar hunturu kuma tana iya toshe kafar da iska ke shiga. A wurinmu, wa'adin da aka rubuta shi ne iyaka ta ƙarshe, bai kamata a ƙara ko wata ɗaya a kansa ba.

Kanari idan ya mutu, kowa ya gani. Na'ura kuwa tana iya mutuwa tana manne a bango, 'yar fitilarta tana ƙyaftawa. Na'ura mai lafiya a ɗaki mai iska mai kyau shiru take yi. Matacciyar na'ura a ɗakin da ya cika da guba ita ma shiru take yi. Kunne ba zai bambanta waɗannan shirun biyu ba, kwanan watan da ke bayanta ne kawai zai bambanta su. Kuma matacciyar na'ura ta fi rashin na'ura haɗari, domin mai ita yakan saki jiki ya ce ai akwai maigadi.

Wani zai ce, ai akwai madannin gwaji, idan na danna tana ƙara. Wannan madanni batir yake gwadawa, da wayoyi, da ƙahon da ke ƙara. A yawancin na'urori ba ya nuna ko ɗan ƙoƙon nan yana iya jin iskar har yanzu. Kamar ka tambayi maigadi ko usur ɗinsa yana busuwa, ya busa maka, amma ba ka san idanunsa sun daina gani ba.

Yadda ake sauya ta

Ko a mota mai ɗaki ne, ko a gida, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, matakan kusan ɗaya ne.

Na farko, a ciro tsohuwar a juya bayanta. Za a ga ranar da aka ƙera ta ko ranar da wa'adinta zai ƙare. Idan ta cika, ko rubutun ya goge ba a iya karantawa, a ɗauke ta a matsayin matacciya.

Na biyu, a koyi yarenta. Ƙarar haɗari mai ƙarfi ce, tana maimaituwa ba tsayawa. A na'urorin Amurka ƙara huɗu ce a jere, ta ɗan yi shiru, ta sake. 'Yar ƙara guda ɗaya lokaci-lokaci yawanci tana nufin batir ya yi sanyi. Akwai kuma ƙarar ƙarewar wa'adi, wadda sabon batir ba ya tsayar da ita. Kowane kamfani da nasa salon, kuma a jikin na'urar ake rubutawa. Babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su cire batir ko su yanke waya don ta dame su da dare, su ce gobe za su gyara.

Na uku, a sayi sabuwa a cikin kwalinta, a duba ranar ƙira tun a shago, domin wadda ta shekara huɗu a kan kanta ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta. Kada a sayi ta gwanjo ko wadda aka ciro daga tsohuwar mota. A nemi lambar EN 50291 ko UL 2034 a jiki. Wadda aka yi don mota ko jirgin ruwa tana ɗauke da EN 50291-2, an gwada ta da girgiza. A kuma lura: na'urar jin hayaƙin gobara daban take da ta CO, ɗaya ba ta aikin ɗaya sai idan an rubuta cewa haɗaɗɗiya ce.

Na huɗu, ta mota mai ɗaki sau da yawa da batirin motar take aiki, mai bolt 12. A cire fis ko kan batir kafin a taɓa wayoyi, a haɗa su yadda takardar ta nuna. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne. Ta gida kuwa batir kawai ake sa mata, sai ƙusa biyu.

Na biyar, wurin liƙawa. A sa ta inda ake barci, daidai tsayin kan mai kwanciya ko sama kaɗan, yadda ƙararta za ta tashe shi. Idan a ɗakin da ake girki ne, a ba ta tazarar mita 1 zuwa 3 daga murhu. Kada a sa ta a bayan labule, ko cikin kabad, ko bakin taga inda iskar waje za ta ruɗe ta.

Na shida, a ɗauki maka a rubuta shekarar sauyawa a gabanta da manyan lambobi, inda kowa zai gani. A riƙa danna madannin gwaji sau ɗaya a wata, a goge mata ƙura da busasshen tsumma.

Ga wata hanyar tunawa da ta dace da ku. Na'urar da aka liƙa a ɗakin kwana ranar da ɗalibi ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, za ta gama nata karatun kusan lokacin da shi zai rubuta WAEC da NECO. Waɗanda suka ga an sa ta sun tafi, mai yiwuwa malamin da ya saya ma an yi masa canjin wurin aiki. Idan ba a rubuta a littafin shugaban ɗalibai mai kula da lafiya ba, yana miƙa wa na bayansa, to babu wanda zai tuna.

Inda babu na'ura

Mun san ba kasafai ake samun wannan na'ura a kasuwanninmu ba, sai a manyan birane irin su Kano ko ta hanyar saye a intanet. Ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya saya wa ɗakunan kwana, kuma ku ne za ku kai musu maganar. Kafin nan, kuma ko bayan nan, waɗannan dokoki su ne maigadinmu.

Janareta ba ya kwana a ɗaki, ko zaure, ko baranda, ko shago, ko da an buɗe ƙofa. Ƙaramin janareta ɗaya yana iya fitar da CO fiye da ɗaruruwan motocin zamani. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kimanin taku takwas na babban mutum, salansa na kallon nesa da ɗaki. Mun san dalilin da ya sa ake shigar da shi: tsoron ɓarayi, da halin tsaron da yankinmu ke ciki wanda ya sa kowa ke garƙame ƙofa da wuri. Tsoron gaskiya ne. Amma shigar da inji ɗaki gudun gara ne a faɗa wa zago. Maƙeri ko mai walda zai iya yin kejin ƙarfe mai rumfa da sarƙa da kwaɗo a tsakar gida. Idan babu hali, a kashe shi, a bari ya huce, sannan a shigar da shi.

Kaskon wuta ya ɗumama ɗaki taga a buɗe, sannan a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Haka garwashin turaren wuta, da dutsen guga na gawayi, da risho, da murhun gas. Ɗakin maijego da jariri shi ya fi bukatar wannan doka, don jinin jariri ya fi na babba riƙe CO. Gawayin shisha ma CO yake fitarwa, kuma kai-tsaye mai sha yake zuƙarta zuwa huhu.

Ba a barci a mota inji na aiki gilasai a rufe. Tsohuwar salansa mai huji tana tura hayaƙi ta ƙarƙashin kujera. Idan babanku ko yayanku direba ne, ku gaya masa bargo biyu sun fi injin da ke aiki.

Injin jan ruwa mai amfani da fetur ba ya shiga rijiya ko ramin haƙar zinare, kuma ba a ajiye shi a baki yadda hayaƙinsa zai gangara ciki. A fadama, a fili, ba shi da matsala. A rami kuwa mintuna kaɗan ne. Idan wani ya faɗi a ciki, wanda ya bi shi da gaggawa shi ma faɗuwa zai yi, a haka ake rasa mutum uku ko huɗu a rami ɗaya.

Idan abin ya faru

Idan na'ura ta yi ƙara, ko kun ga mutanen ɗaki ɗaya suna ciwon kai da amai tare, kowa ya fita waje nan take. A ƙirga mutane, kada a manta da masu barci. Idan wani ya suma a ciki, a kira manya, a buɗe ƙofa da tagogi daga waje, a kashe inji, a riƙe numfashi a jawo shi fili. A kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko wani jiƙo. Ba sa cire CO daga jini, kuma suna iya shiga huhun wanda ya suma.

Maganin shi ne oksijin. A iskar waje, jiki yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin CO ɗin da ke cikin jini. Da tsantsar oksijin na asibiti, kimanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne. Don haka a garzaya da shi babban asibiti mafi kusa, a Anka, Gummi ko Bukkuyum, daga can idan abin ya yi tsanani a tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya a fili cewa akwai janareta ko gawayi a ɗakin. Wannan na da muhimmanci, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da CO da mai ɗauke da oksijin, tana iya nuna komai lafiya alhali ba haka ba ne. Ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, don illar ƙwaƙwalwa irin su mantuwa da ruɗewa tana iya bayyana bayan kwanaki ko makonni.

Aikin wannan mako

Ga aikin gida, ba na maki ba. Yau da dare kowa ya zagaya gidansu ko ɗakin kwanansu da takarda da biro, ya rubuta duk abin da ke cin wuta: kasko, risho, gas, janareta, babur da ake tayarwa a zaure. A gaban kowanne ku rubuta taku nawa ne tsakaninsa da inda mutum ke barci, da kuma ko akwai tagar da ke buɗe. Ku auna ɗakinku ku maimaita lissafin da muka yi a sama da girmansa na gaskiya. Idan a makarantarku, ko asibitin garinku, ko motar wani ɗan'uwa kun ga irin wannan na'ura a bango, ku nemi izini ku juya bayanta ku karanta shekarar.

Sannan ku nuna wa Baba ko Inna ko malamin ɗakin kwana abin da kuka samu, cikin ladabi, da lissafinku a hannu. Ku rubuto mana sakamakon, za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, ku kwana lafiya, kaskon kuma ya kwana a waje.